Ƙara a cikin mota: Yadda ake gano tushenta da hanyoyin rage ta

Kontagora, a Jihar Neja, mahaɗa ce ta manyan hanyoyi. Babbar hanyar tarayya da ta taso daga Legas ta biyo ta Ilorin da Jebba da Mokwa ta ratsa garin ta nufi Yauri da Sakkwato. Wata ta bi ta Tegina da Zungeru zuwa Minna, tafiyar kimanin kilomita 200, wata kuma ta yi Rijau da Zuru. Direban da ke neman abincinsa a waɗannan hanyoyi yakan shafe sa'o'i a zaune cikin mota, wani wuri a kan kwalta, wani wuri a kan ramuka da gargada, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga laka da ruwan damina. Duk waɗannan suna sassauta notina, suna busar da robobi, suna cinye tayoyi, kuma alamar farko da mota ke bayarwa ita ce ƙara.

Al'adar da yawancin direbobi suka saba da ita ita ce ƙara sautin rediyo. Sai dai ƙarar mota iri biyu ce: akwai wadda damuwa ce kawai ga kunne, akwai kuma wadda gargaɗi ce kan abin da ka iya salwantar da rai. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce a gano tushen ƙara kafin a yi tunanin toshe ta.

Me ya sa ƙarar ke da muhimmanci

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira tsakanin mutum biyu takan kai kimanin desibel 60, cikin lafiyayyar ƙaramar mota da ke gudu a babban titi kuwa yawanci tsakanin 65 ne zuwa 75. Ma'aunin ba kamar na mudu ba ne, domin ƙarin desibel 3 kacal na nufin ƙarfin sautin ya ninka. Masana lafiyar ma'aikata sun ɗauki desibel 85 na tsawon sa'a 8 a rana a matsayin iyakar da jin mutum ke fara shiga haɗari idan aka ɗore a kai. Tsohuwar motar haya mai fasasshiyar salansa, wadda aka sauke gilasanta aka kuma ƙure rediyo, tana iya kaiwa wannan iyaka.

Ban da illa ga kunne, ƙara mai ɗorewa tana gajiyar da direba, tana kuma hana shi jin hon ɗin motar da ke son wuce shi, ko jiniyar motar asibiti, ko sabuwar ƙarar da ke nuna cewa wani abu ya fara lalacewa.

Hanyoyi biyu da ƙara ke shigowa

Sauti yana isa ga mazauna mota ta hanya biyu. Ta farko ita ce iska: ƙarar inji ko ta titi ko ta guguwa tana kutsowa ta kowace kafa, kamar robar ƙofa da ta saki ko hudar da wayoyi ke bi daga gidan inji. Ta biyu ita ce jikin motar kansa: girgizar inji da ta taya tana bin ƙarafa har ta isa ƙofofi da daɓen mota da rufi, su kuma su riƙa amsawa kamar fatar ganga. Maganin ta farko toshe kafa ne, maganin ta biyu kuwa gyara abin da ke girgizar ko hana ƙarfen amsawa. Wanda ya haɗa su wuri guda yakan kashe kuɗi a inda ba nan matsalar take ba.

Tambayoyin da ke kai ga tushen ƙara

Kafin a nufi gareji, mai mota na iya taƙaita binciken da kansa. Matakin farko shi ne kwashe duk abin da ke cikin mota: tsabar kuɗi, kwalabe, makullai, kayan da ke cikin but. A tabbatar jak da sifana da safaya suna ɗaure a mazauninsu. Ƙararraki da dama a nan suke ƙarewa.

Daga nan a kashe rediyo da na'urar sanyaya mota, a ɗauki mutum guda da zai saurara, don direba ya mai da hankali ga titi. Abubuwan lura su ne waɗannan.

Shin ana jin ƙarar alhali mota na tsaye inji na aiki? Idan haka ne, kuma tana hawa da sauka daidai da taka totur, to daga inji take, ko bel, ko salansa.

Shin sai mota ta fara tafiya take zuwa, tana ƙaruwa da gudu ko da wace giya aka sa? Wannan na nuni ga taya, ko boris ɗin taya, ko iska. A motar da ake sauya giya da hannu, ana iya taka kuloci na ɗan lokaci a miƙaƙƙen titi marar cunkoso. Idan inji ya lafa amma ƙarar tana nan, ba daga inji take ba. Ba a kashe inji ana cikin tafiya don wannan gwaji, domin birki da sitiyari suna yin tauri, sitiyarin ma yana iya kullewa.

Shin sai an faɗa rami ko an hau gargada? Ƙafar mota ke nan. Sai an taka birki? Birki ke nan. Sai an karya kwana? A duba shaf da boris.

Bakaniken da aka gaya wa cewa ƙarar na farawa daga gudun kilomita 60, daga gaba ta dama, tana kuma raguwa idan an karkata dama, ya sami rabin aikinsa. Wanda aka ce wa kawai “mota na ƙara” yakan fara da canza kaya ɗaya bayan ɗaya, mai mota na biya.

Ƙararrakin da ba a jinkirta su

Gurnani mai kama da na jirgin sama daga nesa, wanda ke ƙaruwa da gudu, alama ce ta boris ɗin taya. Idan ya ƙaru yayin da aka karkata hagu, galibi na ɓangaren dama ne ya mutu, domin nauyin mota can yake komawa. Haka nan akasinsa. Ana tabbatarwa ta hanyar ɗaga motar da jak, a juya tayar da hannu, a kuma kama ta sama da ƙasa a jijjiga. Boris ɗin da aka ƙyale yana iya ɗaukar zafi ya cije, ko taya ta fice ana tsaka da gudu.

Bugu daga taya mai bin juyawarta, musamman bayan an je wurin mai faci, yana iya zama notinan da ba a ɗaure sosai ba. A tsaya nan take a duba.

Tsiwa mai kaifi idan an taka birki, a motoci da yawa, wani ɗan ƙarfe ne da aka sa da gangan don ya sanar cewa fatar birki ta kusa ƙarewa. Idan tsiwar ta koma gurzar ƙarfe da ƙarfe, fatar ta ƙare, kuma tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ta ƙaru.

Ƙas-ƙas a jere idan an karya sitiyari har ƙarshe, a motocin da tayoyin gaba ke ja irin su Golf da Corolla, daga gaɓar shaf yake. Asalinsa yawanci robar da ke rufe gaɓar ce ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga. A hanyoyin burji da ke shiga ƙauyuka wannan ba ya ɗaukar lokaci. Canza robar da wuri ya fi sayen shaf araha nesa ba kusa ba.

Bugu mai nauyi daga cikin inji, balle idan fitilar baƙin mai ta kama, yana bukatar a kashe injin ba tare da jira ba.

Mafi haɗari duka ita ce ƙarar salansa da ta fashe a ƙarƙashin mota ko kusa da inji. Hayaƙin inji na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Takan shigo ta hudar daɓe mai tsatsa ko ta but ɗin da ba ya rufuwa, abin da aka saba gani a motocin haya da ake cika wa buhunan hatsi har a ɗaure murfin da igiya. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da gyangyaɗi, waɗanda fasinja kan ɗauka wahalar tafiya ce. Idan mutum biyu ko fiye a mota ɗaya suka ji haka, a tsaya, kowa ya fito ya sha iska, wanda jikinsa bai warware ba a kai shi asibiti, motar kuma ta wuce wurin mai walda.

Taya da ƙafar mota

A gudun babban titi, taya na cikin manyan masu kawo ƙara. Iskar da ta wuce kima tana sa taya ta yi tauri, ta riƙa isar da kowane tsakuwa ga mazauna mota. Iskar da ta gaza kuma tana sa ta ɗauki zafi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin motar, kuma ana aunawa ne taya na sanyi, ba bayan doguwar tafiya ba.

Idan aka shafa taya da tafin hannu aka ji tudu da kwari, ta cinye ba daidai ba, sanadin mataccen shokazoba ko rashin saitin ƙafa. Irin wannan taya tana gurnani kamar boris. Ana bambanta su ta hanyar mayar da tayoyin gaba baya: idan ƙarar ta bi su, taya ce.

Shekarun taya ma abin dubawa ne. Lambobi huɗu da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. 2321, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi da na hannu, domin roba tana bushewa ko da zanenta bai goge ba.

Ƙwal-ƙwal a kan rami kuwa yawanci daga bushin ne, wato robobin da ke tsakanin ƙarafan ƙafa, ko daga shokazoba. Girgiza mai ratsa kujera yayin da mota ke tsaye tana nuna robobin da inji ke zaune a kansu sun lotse.

Ƙarar iska

Fito ko huci da ke tashi idan gudu ya ƙaru daga kafa yake. Rana da ƙura suna busar da robobin ƙofa har su tsage. Gwajinsu mai sauƙi ne: a maƙale takarda a bakin ƙofa a rufe, a ja. Inda ta zare ba tirjiya, robar ba ta kama ba. Ana kuma iya liƙe wurin da ake zargi da salatif daga waje, kamar gefen gilashin gaba ko gindin madubi, a sake gwada tafiya. Idan ƙarar ta ɗauke, an gano wurin. Motocin Kwatano da aka taɓa yi wa gyaran jiki sukan zo da ƙofar da ba ta zauna daidai ba, kuma wannan aikin fanel-bita ne. Kariyar kaya da ke kan rufi ita ma tana ƙara, gwamma a cire ta idan ba a amfani da ita.

Bugun da ke dukan dodon kunne idan an sauke gilashin baya shi kaɗai ba lalacewa ba ce. Iska ce ke kai da komo kamar yadda take yi idan an hura bakin kwalba, kuma sauke wani gilashin kaɗan yana kashe shi.

Rage abin da ya saura

Sai bayan an kammala gyara ake zancen shimfiɗe-shimfiɗe. Abu mafi araha shi ne toshe hudojin da ke tsakanin gidan inji da mazaunin direba. Masu gyaran waya kan zura waya su bar hudar a buɗe, kuma huda ɗaya ta isa ta shigo da ƙara da zafi da hayaƙi. Sannan a mayar da maɓallan roba da suka karye a jikin ƙofa, a cusa ƙyalle ko soso inda robobi biyu ke gogar juna.

Don hana ƙarfe amsawa, ana liƙa shimfiɗar roba mai bayan alminiyam a cikin ƙofofi da daɓe da but. Ba sai an rufe ko'ina ba. Rufe kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na tsakiyar kowane faffaɗan ƙarfe yana kawo mafi yawan amfanin. A ƙasa mai zafi a guji wadda aka yi da kwalta, domin tana narkewa tana wari. A kuma kula kada a toshe ƙananan hudojin da ke ƙasan ƙofa, waɗanda ruwan sama ke fita ta cikinsu, kada kuma a sa soson katifa a ƙarƙashin kafet, don yana riƙe ruwa ya jawo tsatsa. Duk abin da za a sa kusa da inji ko salansa ya zama mai jure wuta, kuma kada wata shimfiɗa ta kusanci feda.

Wayoyin zamani suna da manhajar auna sauti. Ba ta kai na'urar ƙwararru ba, amma ta isa a kwatanta kafin gyara da bayansa, matuƙar an auna a titi ɗaya da gudu ɗaya.

Akwai kuma maganin da ba ya cin ko kwabo, wato rage gudu. Ƙarar iska da ta taya suna hauhawa sosai da ƙaruwar gudu, kuma dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 80 a sa'a ga ƙananan motoci a manyan hanyoyin da ba tagwaye ba. Direban da ya tsaya a nan ya rage ƙara, ya rage shan mai, yana kuma da damar jin abin da motarsa ke gaya masa tun kafin ya yi nisa da gareji.