Azumin Ramadan: Ma'anarsa, Matakansa da Amfaninsa ga Mutum da Al'umma

Azumin watan Ramadan ɗaya ne daga cikin shika-shikan Musulunci guda biyar, kuma babu wata ibada da take sauya tsarin rayuwar garuruwan Musulmi kamar shi. Daga Sakkwato har zuwa Yelwa da ke Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, lokutan aiki da na kasuwa da na barci duk sukan canza da zarar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar na Uku, ya sanar da ganin jinjirin wata. Sai dai malamai sun daɗe suna tunatar da cewa barin ci da sha hanya ce kawai. Abin da ake so mai azumi ya fita da shi daga watan shi ne taƙawa, wato tsoron Allah da ke hana mutum saɓo ko da babu mai ganinsa.

Ma'anar azumi da tarihin wajabta shi

A harshen Larabci, kalmar da aka fassara da azumi tana nufin kamewa daga wani abu. Shi ya sa a aya ta 26 ta Suratu Maryam aka kira shirun da Nana Maryam ta yi alwashinsa da wannan suna. A shari'a kuwa, azumi shi ne kamewa daga ci da sha da saduwar aure tun daga fitowar alfijir har zuwa faɗuwar rana, tare da niyyar bauta wa Allah. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yaɗuwa a Afirka ta Yamma, niyya ɗaya a daren farko ta wadatar ga dukkan watan, matuƙar tafiya ko rashin lafiya ko jinin al'ada bai katse azumin ba.

An wajabta azumin Ramadan a watan Sha'aban na shekara ta biyu bayan Hijira, daidai da shekarar 624 ta Miladiyya. Kafin nan Musulmi suna azumtar ranar Ashura. Ayoyi na 183 zuwa 187 na Suratul Baƙara su ne suka tattara hukunce-hukuncensa, kuma sun nuna cewa an wajabta azumi ga al'ummomin da suka gabata. Manzon Allah (SAW) ya azumci Ramadan sau tara kafin rasuwarsa. A cikin watan ne aka yi yaƙin Badar a shekara ta biyu bayan Hijira, aka kuma buɗe Makka a shekara ta takwas, abin da malamai ke kafa hujja da shi cewa azumi bai zama dalilin ajiye aiki ba.

Shekarar Musulunci tana da kwana 354 ko 355, don haka Ramadan yakan matso da kwana 10 ko 11 a kowace shekara, har ya zagaya dukkan yanayi cikin kimanin shekara 33. A Najeriya an fara azumi ranar 11 ga Maris a 2024, sannan ranar 1 ga Maris a 2025. A Jalingo da sauran garuruwan kwarin Binuwai, Maris da Afrilu su ne lokacin tsananin zafi kafin saukar damina, kuma mai azumi yakan yi awa 13 zuwa 14 bai sa ko ɗigon ruwa a baki ba.

Ibadar da ba a gani

Sallah ana ganin mai yin ta a sahu, zakka akwai mai karɓa, aikin Hajji kuma gari duka ya san wanda ya tafi. Azumi kuwa babu wata alama da ke tabbatar da shi. Leburan da ke ɗaukar kaya a babbar kasuwar Jalingo, ko matar da ke tsaye gaban murhu tana haɗa abin buɗe-baki, kowanensu yana iya kurɓar ruwa ba tare da kowa ya sani ba. Abin da ke hana su shi ne sanin cewa Allah yana gani. Wannan sanin shi ne ainihin taƙawa, kuma maimaita shi tsawon kwana 29 ko 30 shi ne horon da watan yake bayarwa.

Saboda haka ne a hadisi ƙudusi da Bukhari da Muslim suka rawaito daga Abu Huraira, Allah ya keɓance azumi da cewa nasa ne, kuma shi ne zai saka a kansa. Malamai sun bayyana cewa riya ba ta samun ƙofar shiga azumi kamar yadda take shiga sauran ayyuka. Hadisai ingantattu sun kuma yi alkawarin gafarar zunuban da suka gabata ga wanda ya azumci watan da imani da neman lada, sun kuma ambaci ƙofar Aljanna mai suna Rayyan da aka tanada domin masu azumi.

Hikimar abin a fili take. Ruwa da abinci halal ne, amma mai azumi ya bar su saboda umarnin Ubangijinsa. Wanda ya iya barin halal na yini guda ya fi kusa da iya barin cin hanci da tauye mudu da cin dukiyar maraya, waɗanda haramun ne a kowane wata.

Matakai uku na azumi

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya kasa azumi gida uku a littafinsa Ihya'u Ulumid Din. Na farko shi ne azumin gama-gari, wato kame ciki da sha'awa. Na biyu shi ne azumin keɓaɓɓu, wanda ya haɗa da kame ido da kunne da harshe da hannu da ƙafa daga saɓo. Na uku shi ne azumin zuciya, inda mutum ke tsare tunaninsa daga duk abin da zai shagaltar da shi daga Allah.

Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukan malamai, irin su Ishmawi da Iziyya da Risala, sun fi mayar da hankali ga mataki na farko, domin da shi ne ake sanin ko azumi ya inganta ko ya karye. Amma ingancin azumi daban, cikar ladansa daban. Gulma da ƙarya da zagi ba sa wajabta ramuwa, duk da haka suna cinye lada. Bukhari ya rawaito gargaɗin cewa Allah ba ya buƙatar yunwa da ƙishirwar mutumin da bai bar ƙarya da aiki da ita ba. A yau wannan gargaɗi ya shafi abin da ake rubutawa a Facebook da WhatsApp kamar yadda ya shafi hirar majalisa, domin yaɗa labarin da ba a tabbatar ba aikin harshe ne, ko da da yatsa aka yi shi.

Watan Alƙur'ani da tsayuwar dare

Aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta danganta darajar Ramadan da saukar Alƙur'ani a cikinsa, kuma Mala'ika Jibrilu yakan yi bitarsa tare da Manzon Allah (SAW) a kowane Ramadan. Daga nan al'adar tafsiri ta samo tushe. A masallatan Arewa, ciki har da na masarautar Muri wadda fadarta ke Jalingo, alaramma yakan ja baƙi malami yana fassarawa da Hausa ko Fulatanci, galibi bisa tafsirin Jalalaini. Malaman Daular Usmaniyya ma sun bar nasu gadon, kamar Diya'ut Ta'awili na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. A ƙarni na 20 rediyo ya faɗaɗa wannan al'ada, musamman tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello da ke Kaduna.

Sallar asham, wadda Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya tara jama'a a kanta bayan limami guda, Ubayyu ɗan Ka'abu, ita ce adon daren watan. Hausawa sukan kasa watan zuwa goman marmari da goman wuya da goman ɗokin sallah. Wannan rabo yana bayyana halin mutane ne, amma a sunna goman ƙarshe su ne mafi daraja. A cikinsu ake neman daren Lailatul Ƙadari, wanda Suratul Ƙadari ta fifita a kan wata dubu, wato fiye da shekara 83. A cikinsu kuma ake i'itikafi da tahajjud. Babbar asara ce mutum ya ƙarar da waɗannan darare a shagon tela da layin kasuwa.

Haƙƙin maƙwabci da mabuƙaci

Wanda ya ɗanɗani yunwa da zaɓinsa ya fi saurin tuna wanda yunwa ta zame masa dole. An rawaito cewa kyautar Manzon Allah (SAW) takan ƙaru a Ramadan, kuma wanda ya ciyar da mai azumi yana da lada kwatankwacin nasa. Kwanon kunun gyaɗa da ƙosai da ake miƙa wa maƙwabta ko a kai ƙofar masallaci a Jalingo yana cikin wannan babi. A jiha irin Taraba, inda Fulani da Mumuye da Jukun da Hausawa da sauran ƙabilu ke zaune tare, Musulmi da Kirista, haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya a kan addini ba. A 2024 da 2025 Ramadan ya haɗu da lokacin azumin Kiristoci na kwana 40, inda mabiya addinan biyu suka kasance cikin kamewa a lokaci guda.

Ɗan kasuwa ma yana da nasa gwajin. Ɓoye hatsi ko sukari domin farashi ya tashi a lokacin da jama'a suka fi buƙata laifi ne da hadisin Muslim ya yi hani da shi, kuma yana cin karo da manufar watan kai tsaye. Haka nan almubazzaranci a wajen buɗe-baki, inda ake zubar da abinci alhali wani gida bai ɗora tukunya ba.

A ƙarshen watan ake fitar da zakkar fidda-kai, mudun Nabi huɗu ga kowane mutum a gida, daga abincin da aka fi ci a gari, kamar masara ko dawa ko gero ko shinkafa. Ana bayar da ita kafin sallar Idi domin ta tsarkake mai azumi daga kurakuran harshe, ta kuma wadatar da talaka a ranar sallah.

Rangwame da kula da lafiya

Shari'a ba ta nufin cutar da kowa da azumi. Marar lafiya da matafiyi suna da damar sha su rama daga baya. A Malikiyya tafiyar da ke halatta hakan ita ce mai nisan mil 48, kimanin kilomita 80, ko fiye da haka, irin ta Jalingo zuwa Yola ko Wukari, kodayake yin azumin ya fi ga wanda zai iya. Mai ciki da mai shayarwa da ke tsoron cutuwa su ma sukan sha su rama, kuma mai shayarwa takan haɗa da ciyarwa. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare an so ya ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana. Wanda ya karya azumi da gangan kuwa, ban da ramuwa akwai kaffara a kansa: ciyar da miskinai 60 ko azumin wata biyu a jere.

Rage ci yana hutar da ciki, amma masu ciwon sukari da hawan jini da gyambon ciki da ciwon ƙoda ya kamata su ga likita tun kafin watan ya kama. Jinkirta sahur da gaggauta buɗe-baki sunna ne, kuma shan isasshen ruwa tsakanin magariba da asuba yana da muhimmanci a lokacin zafi.

Abin da ya rage bayan sallah

Malamai sun ce daga cikin alamomin karɓar aikin alheri akwai biyo shi da wani alherin. Azumin kwana shida a watan Shawwal, wanda Muslim ya rawaito falalarsa, shi ne matakin farko na ɗorewa. Sauran kuwa a mu'amala ake gani: ko mudun ɗan kasuwa ya ci gaba da cika, ko ma'aikaci ya ci gaba da riƙe amana, ko sahun asuba da ya cika a Ramadan bai koma mutum biyar ba, ko kwanon da ake aika wa maƙwabci bai tsaya da ganin watan Shawwal ba. Da waɗannan ne mai azumi zai auna abin da ya samu daga watan.