Shekarar da kujerun mulki suka girgiza: waiwaye kan 1973 zuwa 1975

Masu karatu, wanda ke ganin ruɗanin duniyar yau bai da tamka, ya waiwayi farkon shekarun 1970.

Tushen abin ya faro ne a Amurka. Ranar 15 ga Agusta 1971, Shugaba Nixon ya dakatar da musayar dala da zinari, ya kwance igiyar da ta ɗaure kuɗaɗen duniya tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1972 Tarayyar Sobiyet ta sayi miliyoyin tan na hatsin Amurka, farashin alkama ya ninka. Sai kuma yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Oktoba 1973, Masar da Siriya suka gwabza da Isra'ila. Ƙasashen Larabawa masu mai suka rage haƙa, suka hana sayar wa Amurka da Holan. Gangar da ake saye kimanin dala 3 ta kusa kai dala 12 a watan Janairun 1974.

Duk wannan ya sauka ne a kan ƙasashen Sahel da fari ya riga ya durƙusar tun 1968. Rumbuna sun ƙare, dabbobi sun mutu, hatsin ƙetare ya yi tsada, man da za a kai shi karkara ma ya yi tsada. An rasa tudun dafawa.

A Ingila, Firaminista Edward Heath ya taƙaita wutar masana'antu zuwa kwana uku a mako saboda rikicin ma'aikatan kwal, ya kira zaɓe a Fabrairun 1974, ya rasa kujerarsa. A Habasha, tsadar fetur ta sa direbobin tasi yajin aiki, ga yunwar Wollo da fada ta yi ta rufewa. Ranar 12 ga Satumba soja suka tuɓe Sarki Haile Selassie.

A Nijar kuwa, Shugaba Diori Hamani ya lura cewa tun da mai ya yi daraja, yuraniyom ɗin Arlit ma ya cancanci ƙarin farashi, sai ya nemi Faransa ta sake lale. Ana cikin tattaunawa Shugaba Pompidou ya mutu ranar 2 ga Afrilu. Kwana goma sha uku bayan haka, Laftanar-Kanar Seyni Kountche ya kifar da gwamnati, yana zargin an karkatar da abincin agaji alhali talaka na kwana da yunwa. A Cadi, an kashe Tombalbaye a Afrilun 1975. Hatta Janar Gowon na Najeriya, wanda kuɗin mai suka cika baitulmalinsa, an tuɓe shi a Yulin wannan shekara.

Babu ɗaya cikin shugabannin Sahel da ya ƙayyade farashin ganga ko ya hana ruwan sama. Amma jama'a ba su tuhume su da abin da ya fi ƙarfinsu ba. Sun tambaya ne: buhun da ya iso, ina ya shiga? Me ya sa aka ɓoye gaskiya har tura ta kai bango? Guguwa daga nesa take tasowa, amma jinkar da gara ta riga ta cinye ita take fara yayewa.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya sauƙaƙa wa talaka.