Matsalar Sitiyari A Motar Wasa Mai Rimot: Yadda Ake Gano Inda Take

Motocin wasa masu rimot irin waɗanda kamfanoni kamar Traxxas na Amurka da Tamiya na Japan ke ƙerawa sun sha bamban da na yara da ake sayarwa a shagunan kayan wasa, domin kowane sashe nasu ana iya kwance shi a sauya. Da yawansu girmansu kashi ɗaya cikin goma ne na motar gaske, kuma ana tuƙa su a kan yashi da tsakuwa da taɓo. Sitiyari na cikin sassan da suka fi shan wahala, kuma shi ne aka fi yi wa gyaran gaggawa: da zarar tayoyi sun ƙi juyawa sai a sayi sabon inji, alhali sau da yawa tsohon lafiyarsa ƙalau.

Umarnin juyawa yana bin hannuwa da dama kafin ya isa ƙasa. Rimot ne ke aika saƙo, galibi a kan zangon gigahaz 2.4, zuwa risiba da ke cikin motar. Risiba ta miƙa shi ga wani ƙaramin akwati da ake kira sarbo, mai ɗauke da injin lantarki da giyoyi da ma'auni mai juyawa irin na ƙara sautin rediyo, wanda ke sanar da sarbo inda ya tsaya. Saƙon bugu ne na lantarki da ake maimaitawa kimanin sau 50 a daƙiƙa, kuma tsawon bugun ne ma'anarsa: ɗaya da rabi cikin dubu na daƙiƙa shi ne tsakiya, ɗaya cikin dubu ƙarshen gefe guda, biyu cikin dubu ɗaya ƙarshen. Daga nan hannun sarbo ya tura sandunan da ke haɗe da tayoyin gaba.

Gwaji na farko, wanda ya fi kowane amfani, shi ne raba wannan tsari gida biyu. A ɗora motar a kan wani abu yadda tayoyinta ba sa taɓa ƙasa, a kwance hannun sarbo, sannan a juya tayoyin gaba da hannu. Ya kamata su tafi hagu da dama ba tare da cijewa ba. Idan sun cije, laifin na ƙarfe da roba ne: sanda ta lanƙwashe, ƙura ta toshe mahaɗa, boris ya mutu, ko an ɗaure wani noti fiye da kima. Idan kuwa suna tafiya sumul, sai a kunna rimot, sannan motar, a duba ko kan sarbo yana juyawa shi kaɗai.

Akwai alamar da ke ruɗa mutane ƙwarai: tayoyi su juya daidai idan an ɗaga motar, amma a ajiye ta ƙasa su yi kasala. A nan abin zargi na farko shi ne makarin sarbo, wato wani sifirin da aka sa tsakanin sarbo da sanduna domin ya shanye bugu idan taya ta daki dutse. Idan ya saki, shi zai riƙa lanƙwasawa maimakon tayoyin su juya. Ƙara ɗaure shi yana magance matsalar, sai dai wanda ya ɗaure shi tamau ya kashe amfaninsa, bugun gaba kuma haƙoran giya ne za su sha shi. Ana gane giyar da ta ci haƙora da ƙarar injin yana gudu a ciki amma hannu bai motsa ba, ko yana tsallake wani wuri. Giyoyin roba sun fi saurin lalacewa, kuma ana sayar da su daban.

Shi kansa hannun yana iya zama sanadi. Kan sarbo yana da ƙananan haƙora da yawansu ya bambanta: 25 a na Futaba, 24 a na Hitec da dama, 23 a na JR. Hannun da bai dace ba yakan shiga da ƙyar, ya yi aiki na ɗan lokaci, sannan ya fara zamewa.

Motar da ke karkata gefe guda tana bukatar a daidaita tsakiyarta. A mayar da maɓallin saita tsakiya na rimot kan sifiri, a kunna komai domin sarbo ya tsaya a tsakiyarsa, sannan a ɗora hannun. Abin da ya rage a gyara shi da tsawon sanduna, maɓallin kuma a bar shi ga ɗan ƙaramin gyara. Idan sarbo yana kuka a ƙarshen juyi, to yana tura tayoyin fiye da inda za su iya kaiwa, kuma hakan na ƙona injinsa. Rimot da yawa suna da wurin rage iyakar juyi na kowane gefe. Juyawa hagu a maimakon dama kuwa maɓalli guda ne ke gyara shi.

Idan sarbo bai motsa ko kaɗan ba, a fara duba fuloginsa. Wayoyi uku ne: baƙa ko ruwan ƙasa, ja a tsakiya mai kawo wuta, da fara ko ruwan lemo mai kawo saƙo, kuma ana iya cusa shi a juye. Bisa al'ada sitiyari na tasha ta 1, totur na ta 2. Musanya fulogan biyu zai nuna gaskiya: idan sarbo ya amsa wa kunamar totur, to lafiyarsa lau, matsalar na risiba ko rimot. Wajibi ne tayoyi su kasance a sama yayin wannan gwaji, domin yanzu sitiyari ne zai tayar da injin motar.

Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce ƙarancin wuta. Risiba da sarbo suna samun wutarsu daga wani sashe na na'urar daidaita gudu da ake kira BEC, wanda yakan ba da bolt 5 zuwa 6. Idan aka sa sarbo mai ƙarfi, musamman da manyan tayoyi, yakan ja wutar da ta fi ƙarfin wannan sashe, sai risiba ta ɗauke na ɗan lokaci, motar ta yi turus ko sitiyari ya yi fizga. Ana rage wannan da kafasita da ake cusawa a tashar risiba da ba a amfani da ita, ko a sa BEC na daban. Rawar da sarbo ke yi a tsaye kuwa, ko da batir a cike yake, yawanci alama ce ta ma'aunin cikinsa ya cinye ko ruwa ya shige shi, kuma a nan ne sayen sabo ya fi gyara sauƙi.