Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Tarihin Karatun Manya A Garinmu Jos



Idan ana hira a Kwango-Rasha ko Unguwar Rogo aka taɓo maganar boko, ba a rasa wanda zai ce, "Ai mu lokacinmu ya wuce, sai dai yara." Yau muna so mu waiwayi tarihi, domin da yawa daga cikin iyayenmu da suka yi boko a garin nan da gemunsu suka yi shi, bayan an tashi daga aiki, iyali na jira a gida.

Kuza ce ta tara jama'a a Jos. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar ta a kan tsaunin nan. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layi ta Kafanchan ya biyo baya a 1927. Kakanninmu sun zo a matsayin leburori, 'yan kwangila, mahauta, fatake da malamai. Da yawansu sun yi karatun allo, suna rubuta wasiƙa da ajami. Amma littafin da ake rubuta sunayen leburori da kwanakin aikinsu da kuɗinsu, da boko ake rubuta shi, kuma yana hannun akawu, wanda galibi ɗan Kudu ne da ya yi makarantar mishan. Ranar biya, wanda bai iya karanta abin da aka rubuta gaban sunansa ba, sai ya karɓi abin da aka miƙa masa. Tun a wannan layin biyan mutanenmu suka fara gane cewa babba ma yana bukatar baƙi da wasali na boko.

A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, a kuma wayar da kan talakawa. Cikin abin da ya biyo baya har da gangamin Yaƙi da Jahilci, wanda hedikwatarsa take Zariya, kuma Malam Ahmadu Kumasi na cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe azuzuwa a zauruka da gindin bishiyoyi, ana shiga bayan la'asar, ana koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi, wanda ya ci jarrabawa a ba shi takardar shaida. Don kada karatun ya zube, a 1954 aka kafa hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, mu kuma a lardin Filato muna da Gamzaki. An rufe hukumar a 1959.

Sai dai sunan gangamin ya yi wa wasu zafi. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yana karanta littattafan fiƙihu, a ce masa jahili don bai san abacada ba? Wasu dattawa sun ƙaurace wa ajin saboda wannan kalmar kaɗai. Darasi ne da har yau yake aiki: babba ba ya zama a ajin da za a raina shi.

Waɗanda suka wuce matakin farko suna son takardar da za ta ɗaga su a wurin aiki, sai suka koma karatu ta gidan waya. Makarantu irin su Rapid Results College ta Landan da Wolsey Hall ta Oxford suna aiko da darussa a ambulan, mutum ya yi aikin ya mayar, a duba a dawo masa da shi, har ya zauna jarrabawar GCE. Ku tuna sanyin Jos na watan Disamba, ku tuna fitilar ƙwai, ku tuna cewa wasiƙa tana ɗaukar makonni kafin ta je ta dawo. Da irin wannan haƙurin masinja ya zama akawu, ƙaramin malami ya zama hedimasta. A 1949 kuma Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe sashen koyar da mutanen gari, malamanta suna bin garuruwa suna ba da laccar yamma.

Daga baya jami'ar da kanta ta zo ta same mu. A 1971 aka buɗe reshen Jami'ar Ibadan a Jos, a 1975 ya zama Jami'ar Jos. Harabarta ta Titin Bauchi maƙwabciyar Unguwar Rogo ce, tsohuwar harabar kuma tana cikin gari kusa da Gangare, kuma ta buɗe cibiyar ci gaba da karatu inda ma'aikata ke yin difloma ba tare da sun ajiye aiki ba. A 1976 aka fara shirin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu, malamai suka yi kaɗan. Shi ya sa aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, wadda ke horar da malami yana bakin aikinsa, ranakun Asabar da lokacin hutu. A Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, har UNESCO ta karrama ta a 1983. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa kuwa an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita.

Kada mu manta da iyayenmu mata. Bayan kafa ƙungiyar Izala a nan Jos a 1978, makarantun Islamiyya na matan aure sun yawaita, 'yan ɗarika da sauran ƙungiyoyi su ma suka buɗe nasu. Matar da aka aurar tana ƙarama ta samu ajin dare a bayan gidanta. Da yawa a nan suka fara riƙe alƙalami, wasu suka ɗora da boko har suka zama malamai da ma'aikatan asibiti.

To, me ya rage mana ƙarfi? Na farko, aikin kuza ya yi ta ja da baya, farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, neman abinci ya cinye lokacin karatu. Na biyu, kuma mafi ciwo, rikici. Mun san abin da ya faru ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, kuma a unguwarmu aka fara. Sai gobarar kasuwar Taminus a 2002, sai rikicin 2008 da na 2010. Karatun yamma yana bukatar hanya mai lafiya bayan magariba. Da dokar hana fita, da rabuwar unguwanni, da hana acaɓa, mutum ya fara lissafin ta ina zai bi ya dawo gida kafin ya yi lissafin kuɗin makaranta. Ajin yamma na daga cikin wuraren da Bahaushe da Birom da Bayarabe da Ibo ke zama kan benci ɗaya suna aron biro. Wannan ma mun yi asararsa, kuma ba kasafai ake lissafa shi ba.

Amma ƙofofin ba su rufe ba. Wanda bai gama sakandare ba yana iya zana jarrabawar WAEC ko NECO ta 'yan waje da ake yi ƙarshen shekara. Makaniki da kafinta da tela suna da jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992 domin masu sana'a. NTI na nan, Buɗaɗɗiyar Jami'a tana da cibiya a Jos, kwalejin fasaha ta jiha ma tana da harabarta a cikin gari. Abu biyu kawai za mu ja kunne a kai. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin, domin a 2012 hukumar jami'o'i ta taɓa dakatar da irin waɗannan kwasa-kwasan don a tantance su. Sannan a sani cewa mai karatun ƙarshen mako ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar ɗauke masa ita ake ba shi.

Saura namu aikin. Azuzuwan makarantun unguwarmu a rufe suke bayan la'asar. Muna da matasa masu digiri da NCE da za su iya ba da awa biyu sau uku a mako. Muna da magidanta da ke miƙa wa yaro waya ya karanta musu saƙon banki, da uwaye da ba sa iya duba sakamakon jarrabawar 'ya'yansu. Idan ba za a iya tsallaka gari da dare ba, a kawo ajin cikin unguwa, kamar yadda aka yi a zaurukan 1950. Kuma idan muka ga dattijo da littafi a hammata, mu gaishe shi da girmamawa, kada mu yi masa dariya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.