Takardar Kaziye da Tantance Masu Neman Aiki a Chadi: Nazari daga Unguwar Walia

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake amfani da takardar kaziye, wadda kotu ke bayarwa kan hukuncin da aka taɓa yanke wa mutum, wajen ɗaukar ma'aikata a Chadi. Ta kafa hujja daga unguwar Walia cewa takardar ba ta da amfani ga mai ba da aiki sai an auna ta da irin aikin, da daɗewar laifin, da kuma bakin mai ita.

Gabatarwa

Chadi ta gaji wannan tsari daga Faransa, inda aka kafa shi a 1850 bisa shawarar alƙali Bonneville de Marsangy, cewa a riƙa ajiye bayanin kowane hukunci a kotun yankin da aka haifi mai laifin. An kasa bayanin gida uku: na ɗaya na alƙalai, na biyu na wasu hukumomi, na uku kuwa shi ake danƙa wa mutum da kansa, ɗauke da manyan hukunce-hukunce kawai. Shi ya sa sanarwar ɗaukar aiki a Njamena kan nemi kaziye da bai wuce wata 3 ba, haɗe da takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa. Hikimar kason ita ce kada kowa ya ga komai, kuma ita ce ke cikin haɗari yayin da bayanai ke ƙaura daga kundin magatakarda zuwa kwamfuta.

Abin da Walia ke nunawa

Walia tana gunduma ta 9 ta birnin Njamena, tsakanin kogin Chari da na Logone, kan hanyar gadar Ngueli mai shiga Kamaru. A Oktoban 2022 ambaliya ta cinye gidaje a unguwar, kuma ranar 20 ga watan zanga-zanga ta ɓarke a unguwannin kudancin birnin, aka kwashi ɗaruruwan matasa zuwa kurkukun Koro Toro da ke cikin hamada. A shari'ar da lauyoyi suka ƙaurace wa, an gurfanar da mutum 401: aka ɗaure 262 shekara 2 zuwa 3, aka yi wa 80 ɗaurin talala, aka sallami 59. A Maris 2023 shugaban riƙon ƙwarya Mahamat Idriss Déby ya yi wa 259 afuwa, sannan a Nuwamba majalisar riƙon ƙwarya ta zartar da dokar yafiya ta gama-gari. A tsarin shari'ar da aka gada, afuwar shugaba tana ɗauke zaman kaso ne kawai, hukuncin na nan, dokar yafiya kuwa tana shafe shi. Saboda haka duk rumbun bayanan da aka kwafa kafin Nuwamban 2023 ba a sabunta ba, yana ɗora wa saurayi laifin da doka ta riga ta wanke shi. Ga kuma matsalar gane mutum: sunaye irin su Mahamat, Adam da Musa sun yi yawa, mutane da dama kuma shekarar haihuwarsu kintace ce. Lambar ɗan ƙasa ta hukumar ANATS za ta rage wannan ruɗani, amma haɗa rumbuna, ciki har da na 'yan sanda na shirin WAPIS wanda Interpol ta aiwatar, yana buɗe ƙofar a cuɗa wanda aka kama da wanda kotu ta samu da laifi.

Suka da amsa

Za a ce mai makaranta ko asibiti ko shagon canji yana da haƙƙin sanin wanda zai ba amanar yara ko marasa lafiya ko kuɗi. Gaskiya ne, kuma wanda aka taɓa ɗaurewa kan lalata da yaro bai kamata ya riƙe aji ba. Sai dai wannan hujja tana neman a duba alaƙar laifi da aiki ne, ba ta halatta a yi wa kowa kuɗin goro ba. Binciken Devah Pager na 2003 a Milwaukee ya nuna tabon ɗauri ya rage kiran da masu ba da aiki ke yi wa fararen fata daga kashi 34 zuwa 17, na baƙaƙe daga 14 zuwa 5. Blumstein da Nakamura kuma sun gano a 2009 cewa bayan kimanin shekara 4 zuwa 8 ba sabon laifi, haɗarin tsohon mai laifi kan sauko daidai da na tsararsa. Suka ta biyu ta fi nauyi: Agan da Starr sun nuna a 2018 cewa da aka cire tambayar laifi daga takardun neman aiki a wasu sassan Amurka, wariyar launin fata ta ƙaru. A Njamena za a iya maye gurbin takarda da zargin unguwa ko ƙabila. Maganin shi ne a bar takardar, a jinkirta ganinta sai an zaɓi mutum bisa cancanta, domin a lokacin dalilin ƙin ɗaukarsa zai fito fili.

Kammalawa

Chadi tana da dokar kare bayanan mutane tun 2015, da hukumar ANSICE mai sa ido a kanta. Abin da ya rage shi ne aiki da su a fagen ɗaukar ma'aikata. Kada a karɓi komai sai kashi na uku daga hannun mai shi, kada rajistar 'yan sanda ta isa ofishin ɗaukar aiki, a saurari mai nema kafin a yanke shawara, a mayar masa da takardarsa ba tare da ajiye kwafi ba. Ma'aikatar shari'a kuma ta ɗauki nauyin shafe duk hukuncin da yafiya ta shafe cikin wa'adi sananne, domin saurayin Walia da ya dawo daga Koro Toro ba shi da ikon bin rumbuna ɗaya bayan ɗaya yana wanke sunansa.