Kwanga, Pondu da Bammi: Tarihin Tukunyar Mutanen Kongo

Mu da muka zauna kudu mun ɗauka mun san rogo: teba da safe, garin kwaki da rana, alabo da dare. To, in aka zo maganar rogo, mutanen Kongo sun sha gabanmu, don su har ganyen ba sa bari.

Rogo baƙo ne a Afirka. Asalinsa Amurka ta Kudu, kuma Turawan Fotugal ne suka ɗauko shi daga Barazil suka kawo gaɓar daular Kongo a ƙarni na 16, bayan jirginsu na farko ya iso bakin kogin wajen 1482. Kafin nan mutanen wurin doya, agada da dawa suke ci. Rogo ya samu karɓuwa don ba ya da tsirfa: yana yi a ƙasa marar ƙarfi, kuma sai a bar shi a gona a riƙa tonowa kaɗan-kaɗan, ƙasar ita ce rumbunsa.

Babban abincin da suke yi da shi sunansa kwanga. Mata kan jiƙa rogon a ruwa kwana 3 zuwa 4 har ya yi laushi ya yi tsami, su cire zaren, su kirɓa, su naɗe a ganye, su dafa. Yana fitowa dunƙule, da yauƙi, kuma yana kai mako guda ko fiye bai lalace ba. Duk wanda ya yi fatauci ya san darajar wannan. Kamar yadda kakanninmu suke riƙe guzuri a hanyar Gwanja, haka masu kwale-kwale a kogin Kongo da 'yan dako da ke bin hanyar teku suke riƙe kwanga.

Amma wannan daɗewar tasa ita ta jawo wa matan ƙauye wahala. Daga 1885 zuwa 1908 ƙasar tana hannun Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam a matsayin mallakarsa shi kaɗai. Jami'ansa suka ɗora wa ƙauyuka harajin kwanga, don ciyar da sojoji da ma'aikata. Mace ta noma, ta jiƙa, ta kirɓa, a ɗauka a kai bariki a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, in kuma adadin bai cika ba a hukunta gari. Jakadan Ingila Roger Casement ya zagaya ƙasar a 1903 ya rubuta wannan a rahotonsa. A nan kuma akwai abin da ba ya min daɗin faɗa: cikin sojojin farko na Leopold akwai Hausawa da aka ɗebo daga Legas da Akara. Wato wasu namu sun ci wannan kwanga, sun kuma riƙe bindigar da aka karɓe shi da ita. Wasu Hausawan kuwa kasuwanci ya kai su, har yau a unguwar Poto-Poto ta Barazabil akwai titi mai sunan Hausawa.

Miyar gida kuwa ita ce pondu, wasu su ce saka-saka. Ganyen rogo ne ake dakawa a turmi, a dafa shi ya daɗe a wuta, da manja, albasa, barkono, da bandar kifi in da hali. Ranar baƙi sai a yi mwambe, kaza a cikin romon kwakwar manja, kusan irin miyar banga ta mutanen Warri. Akwai liboke, kifin kogi da ake ƙunshewa a ganye a gasa. Akwai makayabu, kifin gishiri, wanda sunansa ma daga bakin 'yan Fotugal ya fito.

Jiƙon nan na kwanaki ba don ɗanɗano kawai ake yinsa ba. Rogo mai ɗaci yana da guba, ruwa da tsami ne ke fitar da ita. A 1938 wani likita ɗan Italiya, Giovanni Trolli, ya yi bayanin wata cuta a kudu maso yammacin ƙasar da ake kira konzo, wato ɗaurarrun ƙafafu a yaren Yaka. Mutum ya kwanta lafiya, ya tashi ƙafafu sun sandare, kuma ba sa komawa daidai. Ta fi kama yara da mata, ta fi ɓulla lokacin fari ko yaƙi, sa'ad da yunwa ta hana a jira rogo ya gama jiƙa, ga babu nama ko wake a miya. Ku masu sayen garin kwaki da buhu, ku riƙa tambayar kwana nawa aka bar shi ya yi tsami.

Sai maganar sha. Hukuncin giya a wurinmu sananne ne, ba zan maimaita huɗubar Juma'a a nan ba, amma tarihi sai a faɗe shi yadda yake. A ƙasar Kongo bammi, wanda suke kira malafu ko nsamba, shi ke tsaye a inda goro yake tsaye a wurinmu. Da shi ake zuwa neman aure, da shi ake rufe sulhu, kuma ana zuba wa kakanni a ƙasa. Dattawa ke rabawa, kuma akwai tsarin wanda zai fara sha. Daga baya aka samu lotoko, ɗan'uwan ogogoro, da ake tacewa daga masara ko rogo. A 1923 aka kafa kamfanin Bralima a Leopoldville, Kinshasa ta yau, mai yin giyar Primus, shan ya bar gindin bishiya ya koma mashaya, ya fita daga hannun dattawa ya shiga hannun mai albashi. A irin waɗannan wurare kiɗan rumba ya girma. Ƙungiyar OK Jazz ta Franco, wadda aka kafa a 1956, daga wata mashaya ta samo sunanta.

Yau a Kinshasa ma'aikaci yakan ci abincin rana a malewa, wato rumfar mai abinci ta bakin titi, irin buka ta nan. Abin da za a zuba masa dai kwanga ne ko fufu, da pondu a gefe.