Matan Zuhudu na Libreville: Asalinsu da Hanyar Shiga Cikinsu

'Ya'yanmu kan tambaye mu game da matan nan masu lulluɓi da ke koyarwa a makarantun Katolika, alhali ba Musulmi ba ne. Gara su ji amsa daga bakinmu, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Unguwarmu ta Louis ta ci sunan Sarki Louis Dowé na Mpongwe, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Faransawa a 1842. Bayan shekara biyu Fada Bessieux ya sauka, ya kafa mishan ta Sainte-Marie a maƙwabtanmu. Da ya ga maza ba za su iya tarbiyyar 'yan mata ba, sai aka nemo mata. A 1849, shekarar da aka zaunar da 'yantattun bayi a Libreville, matan zuhudu suka iso daga garin Castres na Faransa, 'yan ƙungiyar da Émilie de Villeneuve ta kafa a 1836. Suka kama koyarwa da jinya. Daga cikin ɗalibansu aka sami Hyacinthe Antini, 'yar Gabon ta farko da ta shiga wannan hanya.

Shigar ba ta kwana ɗaya ba ce. Mai so, wadda dole ta kasance ba ta da aure, takan fara zama da su a ga halinta. Sannan ta shiga horon addu'a da karatu, wanda dokar coci ta ce kada ya gaza wata 12, kada ya wuce shekara 2, kuma sai ta cika shekara 17. Daga nan ta ɗauki alkawari uku: barin dukiya, barin aure, da biyayya. Da farko na wucin gadi ne, shekara 3 zuwa 6. In ta ga ba za ta iya ba, ƙofa a buɗe take. Bayan haka ne take ɗaukar na har abada.

Mu a addininmu babu wannan zuhudu, aure sunna ne. Amma lokacin da suke sauka nan, Nana Asma'u na can ƙasar Sakkwato tana tura jajis su karantar da mata a ƙauyuka. Su sun riƙe nasu aikin fiye da shekara 170. Mu fa, wa ke karantar da 'yan matanmu a Louis? Allah Ya sa mu dace.